Jawabi a taron ƙungiya: wasan yara maza da na yara mata

 

An nemi in yi magana a kan wasan yara ƙanana, masu shekara 3 zuwa 6, waɗanda ba su shiga lakwal ba tukuna. Kowa ya san abin da ake gani a ƙofar gida. Ɗa namiji yana ƙera motar kara, yana gara gare-gare, yana kokowa cikin rairayi, musamman idan gasar takobi ta zo, wadda aka fara a Tawa cikin 1975. Ɗiya mace tana tuwon ƙasa cikin gwangwani, tana goya ƴar tsana, tana koyon gaɗa wurin yayyenta. Tambayarmu ita ce: wannan bambanci, da shi ake haihuwar su, ko mu muka koya musu?

Masana sun bincika. A Amurka, cikin 1987, malama Eleanor Maccoby da Carol Jacklin sun bi waɗansu yara. Suna da shekara huɗu da rabi, lokacin da suke yi da jinsinsu ya ninka wanda suke yi da ɗayan jinsin sau 3. Da suka kai shida da rabi, ya ninka sau 11. Ke nan rabuwar tana farawa da wuri, tana ƙaruwa da girma.

Akwai alamar halitta a ciki. Cikin 2002, Gerianne Alexander da Melissa Hines sun ba birai kayan wasa. Mazan sun fi daɗewa da mota da ƙwallo, matan da ƴar tsana da tukunya. Cikin 2010 kuma, a dajin Kibale na Yuganda, an ba da labarin ƴan birai manya mata suna ɗaukar guntun icce kamar goyo, fiye da mazan.

Amma reno ma yana da hannu babba. Cikin 1973, Carol Ember ta duba ƙabilar Luwo a Kenya. A gidan da babu ɗiya mace babba, yaro namiji ake sa wa renon ƙane da aikin gida. Ta tarar waɗannan yara sun fi sauran maza rashin faɗa da cin zali. Wato aikin da aka ba yaro yana gyara halinsa. Kuma duk wannan lissafin yawanci ne. Akwai ɗiya mai son hawan icce, akwai ɗa mai son daka, kuma lafiyarsu lau.

To, ga inda abin ya shafe mu. Goyon ƴar tsana wasa ne, amma goyon ƙane tun safe har azahar aiki ne. A garuruwanmu ɗiya tana cika shekara biyar sai a ɗaura mata jariri, ko a aza mata faranti ta tafi talla, ɗan uwanta kuwa yana can yana gini da laka. A cikin wasa yaro ke koyon ƙirga, da auna abu, da yawan magana, da haƙuri da aboki. Wadda aka hana wasa za ta shiga lakwal a baya, sa'an nan mu ce ba ta da kai.

Don haka ina roƙon abu uku. Na ɗaya, kowace ɗiya a bar mata lokacin wasa kullum, kamar ɗan uwanta. Na biyu, kada a yi wa ɗa namiji dariya ko duka don ya riƙe ƙanensa ko ya ɗauki taɓarya. Mai gida ne na gobe. Na uku, ku ƴan ci-rani, idan za ku yi tsaraba, ku haɗa da ƙwallo da allo da alli, na kowa da kowa, kada rabon ɗiya ya tsaya ga ƴan kunne. Inda kuma akwai ajin ƙananan yara kusa, a kai mata tare da maza.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya raya mana zuri'a, ya sa albarka.