Jawabi a Kan Tumfafiya

Jama'a, tumfafiya tsiro ce mai jimiri ƙwarai. Saiwarta takan nutsa can cikin ƙasa neman laima, don haka takan jure fari, ta kuma tsira ko a ƙasa mai gishiri. Ana samunta tun daga Yobe da Sakkwato har bakin hanyoyin Kado a Abuja.

Inda ta yawaita a gona ko makiyaya, alama ce ƙasar ta gaji, tana bukatar taki da hutu. A bakin hamada kuwa kada a tumɓuke ta, gama tana riƙe rairayi.

Sai dai a kiyayi farin ruwanta, domin yana dusashe gani. In ya shiga ido, a wanke da ruwa mai yawa, a garzaya asibiti. Iyaye su gargaɗi yara.