Gayyar Masu Manhaja: Wa Ke Noma, Wa Ke Kwasar Amfani?

Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai ya gabatar a taron ƙungiya na shekara-shekara da aka yi a Kurugu



Shugaban taro, Shugaban ƙungiya da 'yan majalisarsa, Shugaban makaranta, malamanmu na da da na yanzu, iyayen ƙasa, yayyena da ƙannena tsofaffin ɗalibai, da ku ɗalibai da ke zaune can baya, barkanmu da sake ganin juna lafiya.

Da Sakatare ya aiko mini cewa ni zan yi magana bana, na so in zame, domin a cikin wannan zaure akwai waɗanda suka dake ni saboda makara, kuma ba a jin daɗin yin lacca a gaban wanda ya san ranar da ka kasa haddace jadawalin bakwai. Amma da ya ce batun ɗakin kwamfutar da ƙungiya ke shirin gina wa makaranta ne, kuma kwamiti ya rabu biyu a kan irin manhajar da za a zuba a cikin na'urorin, sai na ga ba ni da uzuri.

A zamaninmu, in an ce manhaja, tsarin karatu ake nufi. Yanzu kalmar ta ƙara ɗaukar kaya: ita ce jerin umarnin da ake rubuta wa kwamfuta ko waya don ta yi aiki. Kowace manhaja tana da rubutun asali, wanda ɗan Adam ya rubuta kuma ɗan Adam zai iya karantawa ya gyara. Kamfanoni irin su Microsoft kan ɓoye wannan rubutu, su sayar maka da izinin amfani kawai. Kamar mai magani ne da zai ba ka ƙulli amma ba zai gaya maka saiwar da ya daka ba. To, akwai wasu jama'a a duniya da suka ce su ba za su ɓoye ba. Abin da suke yi shi ake kira buɗaɗɗiyar manhaja.

Asalin abin daga wani Ba'amurke ne, Richard Stallman, wanda a lokacin yake aiki a jami'ar MIT. Na'urar buga takardu ta ofishinsu ta riƙa cije takarda, ya nemi rubutun asali don ya gyara, aka hana shi. Haushin wannan na cikin abin da ya sa a 1983 ya shelanta aikin da ya kira GNU, a 1989 kuma ya fito da wata takardar izini mai suna GPL. Malamanmu na addini za su gane ta nan take, domin kusan hukuncin wakafi ce. Rijiya ce aka haƙa aka ce kowa ya sha, kowa ya ɗiba, har ka ɗiba ka sayar a garwa ba laifi; in ka yashe ta ko ka ƙara mata zurfi, sannan ka ba jama'a, to ba ka da ikon kewaye ta da shinge ka ce ta zama taka. A 1991 wani ɗalibi ɗan shekara 21 a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya rubuta zuciyar tsarin da ake kira Linux, ya sake ta ga duniya, mutanen da ba su taɓa ganin juna ba suka taru a kanta kamar yadda ake taruwa gayya a gonar wanda ciyawa ta fi ƙarfinsa.

Kada wani ya ce wannan labarin Turawa ne. Duk wanda ke da wayar Android ta Tecno ko Infinix ko itel a aljihunsa, wadda ya sayo a Farm Centre a Kano ko a kasuwar Karaye, yana ɗauke da Linux, domin a kanta aka gina Android. Manhajar nan mai alamar mazurari ruwan lemo, VLC, da yaranmu ke kallon finafinan Hausa da ita, ɗaliban wata makarantar injiniya ne a Faransa suka fara ta. Wikipedia ta Hausa da matasanmu ke rubutawa, a kan irin wannan manhaja take tafiya.

Amma misalin da ya fi kusa da mu yana asibiti. Kowane ƙarshen wata, ma'aikacin ƙaramin asibiti a ƙauyukan Karaye da Rogo yakan tattara alƙaluman rajista: mata nawa suka zo awo, yara nawa aka yi wa rigakafi, mutum nawa zazzaɓin cizon sauro ya kwantar. Ana kai takardar ƙaramar hukuma, jami'in ƙididdiga ya shigar da ita cikin wata manhaja mai suna DHIS2, daga nan Kano ta gani, Abuja ta gani. Wannan manhaja Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ce ke jagorantar rubuta ta, tushenta kuwa aikin da aka fara ne a Afirka ta Kudu bayan faɗuwar mulkin wariyar launin fata, lokacin da ake son haɗe ma'aikatun lafiya da aka rarraba bisa launin fata su zama ɗaya. Yau ƙasashe fiye da 70 ke amfani da ita, ba wadda ke biyan kuɗin izini. Haka nan masu duba aikin rigakafin shan inna da muka riƙa gani da waya a hannu suna cike tambayoyi, da yawansu da ODK suke aiki, wadda aka fara a 2008. Yaro na ƙarshe da ƙwayar shan inna ta daji ta kama a Jihar Kano an same shi ne a Sumaila a Yulin 2014, a Agustan 2020 kuma aka tabbatar Afirka ta rabu da ita. Ba na ce manhaja ce ta yi wannan aiki ba. Matan da suka bi gida-gida cikin rana da akwatin ƙanƙara su suka yi shi. Sai dai manhajar ta taimaka wajen gane rugar da aka tsallake.

Yanzu bari in gaya muku abin da ya sa na damu da wannan magana. A wani ofis da na taɓa aiki, an ba wani ɗan kwangila aikin rubuta mana manhajar ajiye bayanan ma'aikata. Ya yi, ta yi kyau, aka yanka kirtani, aka ɗauki hoto. Ba wanda ya tuna ya sa a takardar yarjejeniya cewa rubutun asali namu ne. Da gwamnati ta sauya, sababbin shugabanni suka ƙi biyan kuɗin sabuntawa, wai ɗan kwangilar mutumin waɗanda suka sauka ne. Shi kuma ya rufe abinsa ya tafi da mabuɗi. Muka koma kan fayil-fayil masu ƙura, muna sake shigar da sunaye da hannu. Wani dattijon masinja da ya yi ritaya ya yi ta zarya watanni yana neman takardar da za ta ba shi haƙƙinsa, ni ne nake ce masa ya dawo mako mai zuwa, ina jin kunyar haɗa ido da shi. Tun daga ranar na yarda kayan aro ba ya rufe katara.

To, ina 'yan kasuwa a cikin wannan gayya? Da farko gaba suka yi da ita. A 2001 shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer, ya kwatanta Linux da ciwon daji. Shekaru 17 bayan haka, a 2018, kamfanin nan dai ya sayi GitHub, wato babban zauren da masu buɗaɗɗiyar manhaja ke ajiye ayyukansu, a kan dala miliyan dubu 7 da rabi. A 2019 IBM ya sayi Red Hat, kamfanin da ya yi arziki da sayar da hidimar kula da Linux, a kan dala miliyan dubu 34. Ruwa ba ya tsami banza. Sun gano cewa ya fi sauƙi su haɗa hannu a kan harsashi ɗaya, kowa ya gina shagonsa a sama. Yau mafi yawan masu gyara Linux ma'aikatan kamfanoni ne masu karɓar albashi. Ni ban ga laifin wannan ba. Ko a nan, mai gayya yana dafa tuwo, kuma ba a hana makaɗi kurɓar fura.

Inda laifin yake shi ne wajen ƙananan ayyukan da kowa ke jingina da su amma ba mai ciyar da su. A 2014 aka gano wata ɓaraka a OpenSSL, manhajar da ke tsare sirrin bankuna da manyan kamfanoni a intanet. Da aka bincika, sai aka tarar mutane ƙalilan ne ke kula da ita, kuma gudummawar da suke samu ba ta wuce dala 2,000 a shekara ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. A Maris ɗin 2024 kuma wani injiniya, Andres Freund, ya lura kwamfutarsa na jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya bi diddigi, ya tono wata ƙofar baya da aka dasa a cikin wata ƙaramar manhaja mai suna xz. Wanda ya dasa ta ya shafe shekara biyu yana taya mai aikin, wanda gajiya ta kama shi kaɗai, har aka amince masa aka ba shi mabuɗi. Masu son buɗaɗɗiyar manhaja sukan ce, kun gani, da a rufe take da ba a gano ba. Gaskiya ne. Amma ni abin da na gani shi ne mutum guda da aka bar wa jinka shi kaɗai.

Siyasa kuwa ba ta bar kowa ba. Birnin Munich na Jamus ya yanke shawara a 2003 ya mayar da kwamfutocin hukumarsa kan Linux, duk da cewa Ballmer da kansa ya je ya ga magajin gari don ya hana. An mayar da na'urori wajen 15,000. Aka yi zaɓe a 2014, sabon magajin gari ya hau, a 2017 majalisar birni ta ce a koma Windows. Da na karanta wannan sai na yi dariya, na ce ashe ba mu kaɗai ne ke rushe aikin wanda ya gabace mu ba. A 2019 Amurka ta hana Google hulɗa da kamfanin Huawei na ƙasar Sin. Huawei ya rasa hidimomin Google, amma ɓangaren Android da yake buɗe ba a iya ƙwace shi ba. A wannan shekara GitHub ya taƙaita wa mutanen Iran da Siriya amfani da shi saboda takunkumi. A Oktoban 2024 aka cire sunayen wasu 'yan Rasha daga jerin masu kula da sassan Linux, nan ma saboda takunkumi. Rubutun na kowa ne, amma zauren da ake taruwa yana cikin ƙasar wani, kuma dokar wannan ƙasa ce ke aiki a kansa. Mu ma mun ɗanɗana namu a 2025, da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bayarwa ta hannun USAID. Ba wanda ya zo ya ɗauke DHIS2 daga hannunmu, amma manhaja ba ta shigar da kanta. Sai da ma'aikaci, da wuta, da kuɗin data, kuma da yawa daga cikin waɗannan da kuɗin baƙi ake biya.

Shugaba, ga abin da nake ba kwamiti shawara. Na san yadda aka saba: a kai na'ura shago, yaro ya zuba mata Windows na sata, bayan wata uku ƙwayar cuta ta cinye ta, a rufe ɗakin a rataya kwaɗo. Bai dace makarantar da ta koya mana amana ta fara da kayan sata ba, kuma kuɗin da muka tara ba zai ishe mu sayen izini ga kowace na'ura ba. A zuba Linux da LibreOffice a yawancinsu, domin suna tafiya ko a kan tsofaffin na'urori. A bar biyu ko uku da Windows na halal, saboda yaranmu za su tarar da shi a ofisoshi, kuma ba na son a ce ra'ayina ya rufe musu ƙofar aiki. Abin da aka rage daga kuɗin izini kada a mayar da shi asusu. A tura malamai biyu su koyi kula da na'urorin, biyu nake cewa domin ɗaya ana iya yi masa canjin wurin aiki. Duk wanda za a ba aikin rubuta wa makaranta manhajar sakamakon jarrabawa, ko da ɗan ƙungiya ne, ko da kyauta zai yi, a rubuta a takarda cewa rubutun asali zai zauna a hannun Shugaban makaranta.

Ku kuma ɗalibai, yawancin waɗannan manhajoji suna neman wanda zai fassara su zuwa Hausa, kuma ba a tambayar takardar shaida kafin a karɓi aikinka. Ni na ɗauki alkawarin zuwa Asabar ɗin farko ta kowane wata har ƙarshen zangon karatu, in zauna da duk mai sha'awa. Wanda ke so ya ba Sakatare sunansa kafin a tashi.

 Allah Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.