Jirgi Maras Matuƙi Da Sabis Na Waya

Jawabi ga ɗaliban ajin yaƙi da jahilci a Ɗanbatta

 

Wayar hannu ta shigo Najeriya sosai a shekarar 2001. Yau da ita muke jin farashin gero kafin mu tafi kasuwar Ɗanbatta. Da ita muke kiran mota idan haihuwa ta zo da gardama.

Waya ba ta aiki sai da ƙarfen sabis. Dalilin tsawonsa shi ne saƙon waya yana son sarari. Itatuwa da gidaje da tudu suna tare shi. Shi ya sa wani sai ya hau tudu kafin ya sami sabis.

To, idan iska ta kayar da ƙarfen, ko ambaliya ta cinye injinsa fa? A nan ne jirgi maras matuƙi yake da amfani. Ana ɗaura masa na'urar sabis, a tashe shi sama, ya tsaya a madadin ƙarfen.

An gwada haka. A 2017 guguwa ta lalata yawancin ƙarafan sabis a tsibirin Fato Riko, wanda ke ƙarƙashin Amurka. Kamfanin AT&T ya tayar da irin wannan jirgi sama kamar ƙafa 200. An haɗa shi da doguwar waya daga ƙasa, tana ba shi wuta. Jama'a suka sami damar kiran danginsu. A 2023 kuma an gwada wani babba a ƙasar Ruwanda. Da hasken rana yake aiki, ya yi nisan kusan kilomita 17 a sama.

A maƙwabciyarmu Jihar Kaduna, kamfanin Zipline ya fara kai magani asibitocin karkara da jirgi maras matuƙi a 2022. Wannan magani yake ɗauka, ba sabis ba.

Amma a lura. Ƙaramin jirgin na agajin gaggawa ne. Yana bukatar wuta, kuma iska mai ƙarfi tana hana shi tashi. Har yanzu ƙarfen sabis ne madogararmu.

Saboda haka mu sa ido a kan na garinmu. Duk wanda ya ga ana satar batir ko man injinsa, ya sanar da mai unguwa ko dagaci nan da nan. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Wassalam.