Ƙura, Tsumma da Fentin Mota: Darasi Daga Unguwar Jaradiya

A yau ina so in ɗauke ku zuwa Riyad, babban birnin ƙasar Sa'udiyya, zuwa wata tsohuwar unguwa da ke yankin Shumaisi, wadda ake kira Jaradiya. A can ne aka koya mini darasi a kan wani aiki da kowannenmu yake zaton ya iya tun yana yaro, watau goge mota.

Na sauka ne a gidan wani dattijo, mutumin ƙasar Katsina, wanda ya daɗe ƙwarai yana sana'ar tuƙi a birnin. Da daddare iska ta taso, ko da gari ya waye baƙar motarsa da ke ajiye a ƙofar gida ta koma ja kamar an barbaɗa mata jar ƙasa. Ni kuwa, don in nuna ladabin baƙo, sai na sami wani tsohon tsumma na fara goge bonet. Ban fi shafa uku ba sai na ji an riƙe mini hannu.

Ya ce, "Ɗana, ajiye tsumman nan. Ƙura ta kwana a kan motar nan ba ta yi mata kome ba, kai kuma a minti ɗaya za ka yi mata illa."

Na ce, "Baba, ai taimaka muku nake yi."

Ya yi murmushi, ya ɗebo ruwa a bokiti ya kwarara a wurin, ya bari ya tsane, sa'an nan ya ce in sunkuya in duba ta wajen da rana ke haskawa. Sai ga wasu siraran zane-zane masu kama da saƙar gizo, daidai inda hannuna ya bi. Garin neman gira na taɓa ido.

To, mene ne dalilin wannan? Amsar tana cikin abubuwa biyu: kaurin fenti da taurin ƙura.

Fentin motocin zamani hawa-hawa ne. Akwai shafen farko da ke kama ƙarfe ya kare shi daga tsatsa, sai shafen da ke daidaita fuskar ƙarfen, sai launi, sa'an nan a bisa duka a shimfiɗa wani shafe garai-garai marar launi, wanda shi ne ke ba mota sheƙi. Wannan tsari ya zama gama-gari ne daga shekarun 1980. In aka haɗa hawan duka, kaurinsu bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, ko ya ɗara kaɗan. Watau kamar kaurin fallen takarda guda. Shafen saman kuwa, wanda ke fuskantar rana da iska da hannun mutum, bai kai rabin wannan ba.

Ita kuma ƙurar hamada, ko da yake a hannu laushi gare ta kamar gari, a cikinta akwai ɓarɓashin wani ma'adini da masana ke kira kwaz, wanda shi ne mafi yawan abin da ke cikin yashi. A shekarar 1812 wani masanin duwatsu Bajamushe mai suna Friedrich Mohs ya tsara ma'aunin taurin ma'adinai daga 1 zuwa 10. A wannan ma'auni lu'ulu'un daimon ne ke kan 10, kwaz yana kan 7, gilashin taga kuwa yana tsakanin 5 da 6. Abin da ke iya karce gilashi, ina ga fenti? Saboda haka duk wanda ya ɗora busasshen tsumma a kan mota mai ƙura ya danna ya ja, daidai yake da wanda ya goge ta da takardar yashi irin ta kafintoci.

A Riyad wannan ba ƙaramar magana ba ce, gama birnin yana tsakiyar ƙasar Najadu ne, rairayin Dahna na gabas da shi, Nafud na arewa, ga kuma babbar hamadar Rub'ul Khali daga kudu. Ruwan saman da ake samu a shekara bai cika wuce milimita 100 da 'yan kai ba, kuma da bazara zafi kan haura digiri 40. Mazauna birnin ba su manta da guguwar ƙurar ranar 10 ga watan Maris na 2009 ba, wadda ta rufe garin da rana tsaka har ta dagula zirga-zirgar jiragen sama. A irin wannan wuri, motar da aka kai wajen masu wanki aka gyara ta tsaf, ciki da waje, ba ta kwana biyu sai ta sake yin fururu. Ba mai iya kai ta gareji kullum. Don haka lafiyar fenti ta dogara ne ga abin da mai mota ke yi da hannunsa a kwanakin da ke tsakanin babban wanki da babban wanki.

Har wa yau akwai batun ruwa. Babban kaso na ruwan da Riyad ke sha ruwan teku ne da aka tace aka cire masa gishiri, ana turo shi ta bututu daga gaɓar Tekun Fasha. Tun farkon shekarun 1980 ake kawo shi daga Jubail, tafiyar fiye da kilomita 400, a haɗa shi da na rijiyoyi masu zurfi. Ruwan da ya sha irin wannan wahala kafin ya iso famfo bai kamata a sake masa mesa yana kwarara a titi ba. Mesar da aka bari a buɗe kan zubar da fiye da lita goma a minti guda, alhali mai gidana da bokiti biyu yake gama aikinsa.

Ga yadda na ga yana yi. Da fari dai ba ya taɓa motar da rana. Sai da sassafe, ko bayan la'asar sakaliya in ƙarfe ya huce, kuma a inuwa. Dalili shi ne, ruwan da ya faɗa a kan ƙarfe mai zafi nan take yake bushewa, ya bar gishirin da ke cikinsa a matsayin fararen ɗige-ɗige, waɗanda in sun daɗe sukan ci fenti su zauna.

Na biyu, ruwa ne ke fara taɓa motar, ba hannu ba. Yakan kwarara shi daga rufi zuwa ƙasa, don ya kwashe mafi yawan yashin ya tafi da shi. Sai bayan haka ya kawo bokitansa biyu, ɗaya na ruwan sabulu, ɗaya na zallan ruwa. Duk lokacin da ya wanke wani sashe, sai ya ɗauraye tsumman a bokitin zallan ruwa kafin ya mayar da shi cikin na sabulu. Da haka yashin da tsumma ya kwaso ke kwantawa a gindin bokiti, ba ya komawa jikin mota. Kuma a miƙe yake jan hannunsa, a hankali, ba ya dannawa, ba ya zagayawa.

Na uku, ba ya amfani da garin sabulun wanki ko na wanke kwanuka, domin an yi su ne don su narkar da maiƙo, suna kuwa wanke kakin da ke kare fenti. Sabulun mota daban yake. Haka nan tsummansa irin mai laushin nan ne na zaren roba, mai tattara ƙura a cikin gashinsa. Na taya da ƙasan mota dabam, na jiki dabam. Wanda ya faɗi ƙasa kuwa ya gama aiki a ranar, sai an wanke shi.

Abu ɗaya ne kawai ba ya yi wa jinkiri, shi ne kashin tsuntsu. Akwai sinadari mai cin fenti a cikinsa, kuma zafin rana na ƙara masa ƙarfi. Da ya gan shi sai ya jiƙa tsumma ya ɗora a kai na 'yan mintoci, in ya yi laushi ya ɗauke shi, ba tare da kankarewa ba. Haka yake yi wa ƙaron itace da man fetur da ya zuba a gefen tanki.

Bayan 'yan watanni kuma yakan shafa mata kaki. Mafi shahara a cikin irinsa shi ne na karnuba, wanda ake samu daga ganyen wata bishiya dangin giginya a arewa maso gabashin Barazil. Ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 80. Amfaninsa shi ne ya sa jikin mota santsi, ƙura ba ta kama shi sosai, ruwa kuma ya zame. Game da rufe mota da tamfol, ya gargaɗe ni cewa sai mai tsabta ake rufewa, in ba haka ba iska za ta riƙa kaɗa tamfol ɗin yana gurzar yashin da ke ƙarƙashinsa dare farai. Ruwan feshin nan da ake sayarwa na wanki ba da ruwa ba kuwa, yana da amfani ga ƙura 'yar kaɗan, amma ba bayan guguwa ba.

Na tambaye shi, "Baba, to ranar da ba ku da ruwa ko lokaci fa?"

Ya ce, "Sai in wanke gilashi da fitilu don in ga hanya, sauran in bar shi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi."

Watakila wani zai ce, ai in fenti ya karce sai a kai wa masu injin gogewa su fito da sheƙinsa. Gaskiya ne, amma injin ba ya cike karcen; fentin da ke kewaye da shi yake zaftarewa har ya yi daidai da zurfin karcen. Ke nan kowace gogewa tana rage wannan shafen sama da muka ce bai kai rabin kaurin takarda ba. Ranar da ya ƙare, launi zai dushe, ya fara ɓamɓarewa, sai sabon fenti. Dillalan mota kuwa, daga Riyad har Kano, da zarar sun ga sabon fenti sai su yi zaton motar ta taɓa haɗari, su karya mata kuɗi. Ga mutumin da motar nan ita ce gonarsa, ita ce kuma abin da zai sayar ranar da zai koma gida, wannan hasara ce ta gaske.

Masu sauraronmu na Kano da Katsina da Maraɗi da Damagaram sun san ba a Riyad kaɗai ake wannan fama ba. Daga watan Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu kan kwaso ƙura daga hamada, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta lulluɓe garuruwanmu da hazo. A kowace tasha za ka ga yaran mota da sassafe suna kaɗe motoci da tsumma, da kyakkyawar niyya, kamar yadda na yi a Jaradiya. Da iyayen gidansu za su ba su bokiti biyu da tsumma mai kyau, su kuma nuna musu dalili, da motocin sun daɗe da kyansu.

Ranar da zan bar unguwar na sake duba bonet ɗin. Motar ta haura shekara goma a hannunsa, amma in ban da wurin da na shafa sau uku, mutum na iya ganin fuskarsa a jikinta.