Jawabin Zama: Jarin Gwamnati Da Ke Biyowa Ta Hannun Ƙungiyoyi

Yau maganarmu a kan jarin da gwamnati kan ware wa masu ƙananan sana'o'i ce, da yadda yake isowa ƙauye.

A shekarar 2013, lokacin Sanusi Lamido Sanusi yana gwamnan Babban Bankin Najeriya, bankin ya buɗe asusu na Naira biliyan 220 domin ƙanana da matsakaitan sana'o'i, aka ce kashi 60 cikin 100 na mata ne. To amma fa Babban Banki ba ya zuwa kasuwar ƙauye ya miƙa wa mai ƙuli-ƙuli kuɗi a hannu. A wancan tsarin, ƙananan bankuna ya riƙa ba wa, da ƙungiyoyin gama kai, da ƙungiyoyin taimako waɗanda ba riba suke nema ba, su kuma suka riƙa ranta wa masu sana'a irinku.

Ku riƙe wannan da kyau: kuɗin nan rance ne, juyawa yake kamar adashi. Ƙungiyar da ta ba ku, ita ma rantowa ta yi, kuma sai ta mayar. In mai daddawa ta ce "ai kuɗin gwamnati ne", ta zuba shi a kayan ɗakin 'yarta, to ta tare wa mai ƙosai hanya, kuma sunan rukuninmu gaba ɗaya ne zai ɓaci.

Masu ba da rance littafinmu suke fara dubawa: wa ke zubi a kan lokaci, wa ta ranta ta biya. Don haka sakatariya ta rubuta kowane zubi a gaban kowa, makullan akwati kuma su zauna hannun mata uku daban-daban.

Kafin ki dangwala yatsa a takarda, ki tambaya: nawa zan mayar duka-duka? Akwai kuɗin ruwa? Yaushe ne biyan farko? Mai ƙosai kullum tana ganin ciniki, biyan mako-mako ba zai gagare ta ba. Mai kiwon rago kuwa sai ya yi ƙiba ta sayar. In ta yarda da biyan mako-mako, hatsin gida za ta ɗiba.

Duk wanda ya ce ku ba shi wani abu ya sa sunanku, ko ya nemi lambar sirrin katinku na banki, ku hana shi, ku sanar da shugaba.

To, yanzu kowace ta faɗi sana'arta, da abin da za ta iya mayarwa a wata ba tare da tukunya ta kwana ba wuta ba.