Darasin Sassan Jiki a Ɗakin Hoton Asibiti



Shekara da shekaru muna koya wa yara ido da hanci da kunne, mu tsaya nan. Amma ranar da tari ya ƙi jin magani, aka tura dattijo Sakkwato a yi masa hoton ƙirji, ɗalibinmu ne ɗan rakiya, shi ne kuma tafinta. A ranar ake jarraba darasinmu.

Ma'aikacin hoto zai ce a manna ƙirji da allo, a ba na'ura baya. Dalili kuwa, zuciya ta fi kusa da gaba. Idan hasken ya shigo ta baya, ba za ta fito da girman da ya wuce nata ba. Zai ce a ɗora hannaye a ƙugu, a turo kafaɗu gaba, domin allon kafaɗa ya kauce wa huhu. Zai ce a ja numfashi a riƙe, domin huhu ya buɗe. A cire sarƙa da duk wani ƙarfe. Mai juna biyu ta faɗa tun ba a fara ba.

Idan tafinta ya kuskure, dattijo ya motsa, hoto ya lalace. Sai an sake, hasken ya ƙara ratsa jiki ba gaira ba dalili.

Saboda haka mu faɗaɗa darasin. Yaro ya san haƙarƙari da ƙashin baya da kwatangwalo, ya nuna su a jikinsa. Ya kuma san cewa a asibiti, dama da hagu na mai jikin ne, ba na mai kallo ba.