Sauya Tayar Babur a Gida

Tayar babur takan nuna gajiyarta tun kafin ta fashe: zanenta ya shafe, gefenta ya tsattsage. Akwai kuma lambobi huɗu a jikinta masu faɗin shekarunta; 2423 na nufin an ƙera ta a mako na 24 na shekarar 2023.

Aikin kan fara da kafe babur a ƙasa mai tauri. A kwance notin ƙafar da sifana, a zare ta, a sace iskar gaba ɗaya. Sannan a taka gefen tayar har ta saki wili, a ɓamɓaro ta da ƙarafa biyu masu faɗin baki. Sukudireba ba ta dace da wannan aiki ba, domin ita ce ke huda tif.

Wajen mayarwa ake yawan kuskure. A duba kibiyar da ke nuna inda tayar za ta juya, a shafa ruwan sabulu a bakinta, a ɗan hura wa tif iska kaɗan don kada ƙarfe ya cije shi. Man inji yana lalata roba, kada a shafa shi a madadin ruwan sabulu.

Bayan an ɗaura, a ba ta iskar da kamfani ya ƙayyade, a daidaita sarƙa, a gwada birki kafin a hau titi.